Tambayoyi da Amsoshi Kan Yawon Keke a Dajin Falgore da Dausayin Baturiya

A Kano da Jigawa ana iya ɗaukar keke a matsayin abin yawon buɗe ido, ba abin zuwa gona ko kasuwa kaɗai ba, kuma wuraren da za a yi bayani a kansu a nan biyu ne: Dajin Falgore da ke kudancin Kano, da Baturiya da ke ƙasar Haɗejiya. Amsoshin da ke tafe an tsara su ne domin wanda yake da niyyar zuwa da gaske, kuma yake son ya dawo gida lafiya tare da kekensa.

Ina waɗannan wurare suke, kuma me ya bambanta su?

Dajin Falgore yana da nisan kimanin kilomita 150 daga birnin Kano, a kan hanyar da ta bi ta Kwanar Ɗangora da Tudun Wada ta nufi Saminaka da Jos. Ya shafi ƙananan hukumomin Doguwa da Tudun Wada da Sumaila, faɗinsa kuma ya kusa murabba'in kilomita 1,000. Tun zamanin Turawa, a shekarun 1940, aka keɓe shi da sunan gandun dajin Kogin Kano, daga baya a shekarun 1960 aka ɗaga matsayinsa ya zama wurin kare namun daji. Ƙasa ce mai tudu da gangare da duwatsu, wadda take samun ruwan sama fiye da birnin Kano, shi ya sa itatuwanta suka fi tsayi da kauri.

Baturiya kuwa tana cikin ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, kuma wani yanki ce na babban dausayin Haɗejiya da Nguru. A shekarar 2008 aka sa ta cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971. Nan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, inda kurmi da tafkuna da fadamu da jigayi suka cakuɗe da juna.

Abin da ya haɗa su shi ne ruwa. Kogin Kano da ya ratsa Falgore shi ne yake zuba a madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, sannan ya haɗu da Kogin Challawa su zama Kogin Haɗejiya, wanda ambaliyarsa take shayar da Baturiya. A watan Disamba na 2020 gwamnatin tarayya ta sanar da amincewa da sababbin gandayen daji na ƙasa guda 10, kuma Falgore da dausayin Haɗejiya duk suna ciki.

Akwai hanyoyin da aka keɓe domin masu keke?

Kada mai keke ya sa ran zai tarar da hanya mai alluna da lambobi irin wadda ake gani a hotunan dazuzzukan Turai. Abin da ke akwai shi ne kwalta, da burji, da hanyoyin da ma'aikatan gandun daji suke bi wajen sintiri, da turbobin ƙafa da ke haɗa ƙauye da ƙauye, da burtalin shanu. Duk waɗannan hanyoyi suna da masu su, wato mutanen da suke bin su kullum domin neman abinci, mai yawon keke kuwa baƙo ne a kansu, kuma a kan wannan fahimta ya kamata ya gina shirinsa gaba ɗaya.

A ganina tafiyar da ta fi dacewa a Falgore ita ce ta gefen daji, ba ta tsakiyarsa ba. Mutum zai iya bin kwalta daga Tudun Wada ya yi kudu, ya ratsa sashen da hanya ta keta dajin da rana tsaka-tsaki, ko ya zagaya ƙauyukan da ke bakin ruwan Tiga ta arewa, ko kuma, idan ƙafarsa ta saba da hawa, ya nufi duwatsun Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza. A Baturiya kuma ana tashi ne daga Haɗejiya ko daga garin Baturiya, a bi turbobin da masunta da manoman rani suke bi zuwa bakin tafkuna. Hanyoyin can suna canjawa daga shekara zuwa shekara gwargwadon inda ruwa ya kwanta, saboda haka taswirar waya ba ta isa ba, dole a tambayi wanda ya bi hanyar a makon nan.

Shin sai da izini ake shiga, kuma yaya batun tsaro?

Sai da izini. Gandun daji wuri ne da doka ta keɓe, kuma akwai ma'aikatan da ke kula da shi. Matakin farko shi ne a tuntuɓi ofishin hukumar da ke kula da gandun dajin tun kafin ranar tafiya, a bayyana adadin mutane da hanyar da za a bi da lokacin da za a fito. Mataki na biyu shi ne gaisuwar dagaci ko mai unguwar garin da za a tashi daga cikinsa. Wannan gaisuwa ba ɓata lokaci ba ce, domin daga fadar dagaci ake samun ɗan jagora, kuma daga nan labari yake bazuwa cewa baƙin da aka gani a kan kekuna an san da zuwansu.

Batun tsaro ya fi nauyi a Falgore, kuma ba daidai ba ne a ɓoye shi. Dajin ya yi iyaka da jihohin Kaduna da Bauchi, ya kuma yi ƙaurin suna a shekarun baya saboda ɓarayin shanu da 'yan fashi da masu garkuwa da mutane, har ta kai sojoji suka mayar da wani sashensa filin atisaye daga shekarar 2017. Wannan yana nufin abu biyu ga mai keke. Na farko, akwai wuraren da bai halatta farar hula ya kusanta ba ko da kuwa ana zaman lafiya. Na biyu, halin tsaro abu ne mai sauyawa, kuma labarin watan jiya ba ya amfani yau. A tambayi jami'an tsaro na yankin a ranar da za a shiga, idan suka ce a dakata to a dakata. Ba a shiga mutum ɗaya, ba a shiga bayan la'asar, kuma a bar wa wani a gida bayanin hanyar da lokacin dawowa, domin a wurare da yawa na dajin waya ba ta samun sabis.

Wane lokaci na shekara ya fi dacewa?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A lokacin ƙasa ta bushe, rafuka sun ja baya, safiya tana da sanyi, kuma a Baturiya lokacin ne tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai suke nan. Nuwamba ta fi kyawun gani, domin ganye bai gama zuba ba kuma ƙurar hunturu ba ta yi kauri ba, amma ciyawa tana da tsayi, tana rufe turba da abin da ke kwance a kanta. A Janairu kuwa hanya a buɗe take, sai dai hazo yana rage hangen nesa, iskar arewa maso gabas tana tare mai tafiya gabas, ga kuma gobarar daji, wadda idan aka hango hayaƙinta a gaba babu abin yi illa a juya.

Bazara ba lokacin wannan tafiya ba ne, domin a watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40. Da damina kuma jar ƙasar kudancin Kano takan zama laka mai manne wa taya har ta hana ta juyawa, rafin da aka tsallaka da safe a ƙafa zai iya cika maƙil kafin azahar saboda ruwan da aka yi a kan tudu, Baturiya kuwa a watannin Agusta da Satumba wurin kwalekwale ce.

Wane irin keke ya dace? Shin baƙin keken gida zai iya?

Zai iya, kuma shi ne yake bin waɗannan hanyoyi tun kafin a san keke mai giya. Irin su Raleigh da Phoenix da Hero suna da ƙarfin jiki, suna ɗaukar kaya a kariya, kuma babu kasuwar ƙauyen da za a rasa mai gyaransu da kayansu. Rauninsu shi ne nauyi, da rashin giya a wurin hawa, da birkin ƙarfe wanda ba ya kamawa sosai a doguwar gangara ko idan ya jiƙe. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Haɗejiya wannan rauni ba ya damun kowa, amma a gangaren Riruwai abin dubawa ne.

Keke mai giya mai faɗin taya ya fi sauƙin tuƙi a kan duwatsu da yashi. Sai dai yawancin waɗanda ake samu a kasuwa na hannu ne, kuma wajibi ne a duba sarƙa da haƙoran giya da wayar birki kafin a amince da su, a kuma san girman tayar, domin idan ta fashe a ƙauye ba lallai a samu irinta ba. Siririn keken tsere kuwa a bar shi a kan kwalta. Kowane iri aka zaɓa, a daidaita tsayin sirdi yadda ƙafa za ta kusa miƙewa idan feda ta sauka ƙasa, domin sirdin da ya yi ƙasa shi ne yake kawo ciwon gwiwa a doguwar tafiya.

Yaya za a yi da ƙaya?

Wannan ita ce matsalar da ta fi tsayar da masu keke, musamman a Jigawa, inda bagaruwa da aduwa da farar ƙaya suke zubar da ƙayarsu a kan turba, ga tsidau da ke kwance a ƙasa yana jiran taya. Babu dabarar da za ta hana fashewar taya gaba ɗaya, amma ana rage ta. A fita da taya mai sauran ƙwari, ba wadda ta suɗe ba. Wasu suna yanka tsohon tiyub su shimfiɗa shi tsakanin taya da sabon tiyub, wasu kuma suna zuba ruwan nan mai toshe ƙananan huji. A riƙa bin sawun da babura da kekuna suka riga suka daddaɓe, a guji gindin itatuwan ƙaya ko da inuwarsu ta yi daɗi, idan kuma za a huta a ɗaga keken a kai shi, kada a gangara da shi cikin ciyawa.

Kowane mutum ya riƙe famfo, da tiyub biyu, da faci da sholisho, da sufana da ta dace da notocin kekensa, kuma ya iya yin facin da hannunsa tun daga gida. Kuskuren da aka fi yi shi ne a liƙe tiyub a mayar ba tare da an shafa cikin tayar da yatsa an ciro ƙayar da ta karye a ciki ba, sai a yi 'yar tafiya kaɗan iska ta sake fita a wuri ɗaya. Haka kuma a bar sholisho ya sha iska har ya daina sheƙi kafin a ɗora facin, domin gaggawa a nan tana jawo aiki biyu.

Kilomita nawa mutum zai iya yi a rana?

Ƙasa ce take yanke wannan hukunci, ba ƙarfin mutum ba. Wanda yake yin kilomita 15 zuwa 20 a awa ɗaya a kan kwalta zai ga ya koma kusan 10 a kan burji, a cikin yashi kuwa sau da yawa sauka zai yi ya tura. Ga sabon shiga, kilomita 20 zuwa 30 a hanyar daji ya isa yini, kuma ya fi kyau a tashi tun hantsi bai yi ba, a huta idan rana ta take, a fito kafin la'asar ta yi sanyi. A ƙidaya tafiyar da awa, a kuma ware lokacin faci da na salla da na gaisuwa.

Yashi yana da dabararsa. A rage wa taya iska kaɗan domin ta ƙara faɗi, a sa giya mai sauƙi tun kafin a shiga, a mayar da nauyin jiki baya, a ci gaba da juya feda ba tare da fizgar kan keke ba. A fadamun Haɗejiya akwai wata wahalar dabam, wato baƙar laka da shanu suka tattaka tana ɗanya sannan ta bushe da sawun kofato, wadda take girgiza keke har notoci su kwance, don haka a riƙa duba su a duk inda aka tsaya.

Me za a ɗauka na ruwa da guzuri?

Ruwa shi ne kaya mafi nauyi kuma mafi muhimmanci. A lissafa rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace awa ta tuƙi, a kuma san garuruwan da ke da famfon burtsatse a kan hanya. Sanyin hunturu yana yaudara, domin busasshiyar iska tana shanye gumi kafin mutum ya ji shi, sai ya ga bai ji ƙishi ba alhali jikinsa ya bushe. A riƙe ƙunshin gishiri da sukari na kemis, idan kuma babu, ana haɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Kada a sha ruwan tafki ba a tafasa ba, kada kuma a yi wanka a kwantaccen ruwa, saboda tsargiya.

Guzurin da aka saba da shi ya wadatar: dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, kilishi, garin kwaki da sukari. Fura da nono ana samunsu a ƙauyuka da rugage.

Waɗanne itatuwa da dabbobi za a gani?

A Falgore itatuwa ne abin kallo na farko. Akwai doka da marke da maje da kirya da taura a kan tudu, akwai maɗaci da ɗinya da tsamiya a bakin rafi, ga kaɗanya da ɗorawa a gonakin da ke gefen daji. Wanda ya taso a arewacin Kano, inda gawo da kuka suke tsaye ɗai-ɗai a gona, zai ga bambanci tun daga Tudun Wada. Manyan namun daji sun yi ƙaranci ƙwarai saboda farauta da kiwo da saran itace, don haka wanda ya je da burin ganin irin abin da ake gani a Yankari zai dawo da takaici. Abin da ake iya cin karo da shi shi ne birai, da gada, da zomo, da zabin daji, da makwarwa, da guza, kuma yawanci da sassafe.

A Baturiya tsuntsaye ne. Akwai 'yan gida irin su ƙirinjijiya da balbela da zalɓe, akwai kuma agwagin ruwa da sauran baƙin da suke ƙetaro Sahara daga Turai da yammacin Asiya su yi watannin sanyi a nan. A nan ne fifikon keke yake bayyana, domin ba shi da ƙarar da ke korar tsuntsu kamar babur, kuma yana kai mutum tafki uku ko huɗu a safiya ɗaya. Zai kuma ga kurmin goruba, da ciyawar kacalla da ta toshe magudanan ruwa da yawa tun bayan da madatsun Tiga da Challawa suka sauya yadda ruwa yake zuwa, abin da manoma da masuntan yankin suka daɗe suna kuka da shi.

Idan aka haɗu da garken shanu fa?

A rage gudu tun daga nesa, a sauka, a yi sallama da makiyayin, a jira ya nuna ta inda za a wuce. Kada a ratsa tsakiyar garke, kada a buga ƙararrawa, kada kuma a shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta. Idan karnuka suka taso, tsayawa a sa keken a tsakani ya fi gudu. Ba a ɗaukar hoton mutum ko iyalinsa ko dukiyarsa sai da yardarsa, kuma a wurin da aka sha fama da satar shanu, baƙon da yake nuna waya yana ƙirga garke yana jawo wa kansa zargi. Haka nan kafin a gama girbi ba a yanke hanya ta cikin gonar mutane.

Me za a yi idan maciji ya sari wani?

Kasa da kububuwa da gamsheƙa duk suna yankin, kuma hatsarin ya fi yawa lokacin da mutum ya sauka daga keke ya shiga ciyawa ko ya sa hannu a ƙarƙashin dutse ko kututture. Takalmi rufaffe da dogon wando suna rage shi. Idan abin ya faru, a kwantar da wanda aka sara, a cire masa zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a nemi babur ko mota a kai shi asibitin da ke da allurar dafin maciji. Kada ya tuƙa keke da kansa, domin motsi yana gaggauta yaɗuwar dafi. Ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau da igiya. Sanin asibiti mafi kusa yana cikin tambayoyin da za a yi wa mutanen gari kafin a tashi.

Shin keke yana yi wa daji illa?

Illarsa kaɗan ce idan aka kwatanta da mota, amma tana nan idan aka bar hanya. Sabuwar turbar da aka buɗe a kan gangare ita ce ruwan damina zai bi ya mayar da ita kwazazzabo. A tsaya a kan hanyar da ake da ita, a fito da ledar ruwa da tsohon tiyub, kada a kunna wuta a cikin busasshiyar ciyawa, kada kuma a tashi tsuntsaye domin a ɗauki hotonsu suna shawagi, saboda waɗanda suka yi tafiyar dubban kilomita suna buƙatar hutu da kiwo kafin su koma. Farauta da saran itace a gandun daji laifi ne a doka.

Za a iya kwana a cikin daji?

A Falgore a'a, a kwana a gari. A Baturiya ma ya fi kyau a kwana a Haɗejiya ko a wurin da dagaci ya sauki baƙi, kuma a tafi da gidan sauro, domin sauron dausayi ba ya ƙarewa da ƙarewar damina.

Yaya za a kai keken can daga Kano ko Dutse?

Motocin haya suna ɗaukar keke a sama ko a but, a kan kuɗin da aka daidaita da direba tun a tasha. A tsaya a ga yadda aka ɗaure shi, a sa gefen giyar ya kalli sama domin kada kaya su danne shi ya lanƙwashe, a sa tsumma a inda igiya za ta goge fenti. Idan an sauke, a gwada birki da giya, a duba ko wili bai karkace ba, sannan a kama hanya.